Layin da Ban Ja Ba

Ƙofar farko da na ƙwanƙwasa a ƙasar Holan ba tawa ba ce, duk da cewa tun ina Kano na biya kuɗin ɗaki a cikin gidan. Wani dogon saurayi ne ya buɗe yana tauna burodi. Na nuna masa hoton gidan a wayata, na ce ni ne Sadisu, wanda ya kama ɗakin sama. Ya dubi hoton, ya dube ni, ya dubi akwatina da ruwan sama ya yi wa jagab, sannan ya haɗiye lomarsa.

"Gidan dai namu ne," in ji shi da Turanci, "amma babu ɗakin haya a ciki. Kuma ba kai ne na farko da ya zo da hoton nan ba."

Na kira lambar wanda na tura wa kuɗin, na ji ta a kashe, kuma har yau a kashe take. Ni da nake yi wa ɗalibaina wa'azi a kan 'yan damfarar waya, ga ni tsaye a titin mutane an yi mini sakiyar da ba ruwa. Araha ba ta ado, na san da haka tun ina yaro, amma ranar ce na biya kuɗin sanin.

Abin mamaki, ko a cikin wannan hali idona bai bar halinsa ba. Ina jan akwati ina leƙen tagogi. Manya-manyan tagogi ne, kuma babu labule. Ga wata tana fere dankali, ga wani tsoho ya miƙe ƙafa yana karanta jarida, ga kyanwa kwance a kan tebur. A ƙauyenmu, can bayan Ɗambatta, ko zaure sai an karkatar da ƙofarsa don kada mai wucewa ya hango tsakar gida. Na ce a raina, waɗannan mutane ba su ɗauki zaman gida abin ɓoyewa ba, ƙila shi ya sa kakanninsu suka zauna suka zana shi.

Zanen nan ne ya kai ni. Ni malamin zane ne a wata sakandare a Ɗambatta. Na samu gurbin karatu na wata uku a wani gidan adana tsofaffin zane-zane, don nazarin yadda mutanen Holan na da suka zana rayuwar ƙauyukansu. A ƙarshen karatun kowane ɗalibi zai zana rayuwar garinsu, a rataya mutane su zo su gani.

Mahaifina malamin allo ne kuma manomi. Bai taɓa son sana'ata ba, amma bai hana ni ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini tun ina firamare, ranar da ya kama ni ina zana akuyarsa da gawayi a bangon rumbu, kuma shi ya maimaita mini da na je masa da maganar tafiya.

"Ban hana ka neman ilimi ba, ko a bangon duniya yake," ya ce. "Amma maganarmu tana nan. Duk mai ran da ka zana, ka raba kansa da jikinsa. Ba na son gobe kiyama a ce ka hura wa abin da ka zana rai, kana tsaye kana zare ido."

Raba kai da jiki kuwa layi ne kawai, a ja shi a wuyan abin da aka zana, daga wannan gefe zuwa wancan. Yaran garinmu da yawa sun san shi. Wasu sun girma sun daina, ni ban daina ba, don na yi wa Baba alkawari, kuma albarkarsa ce jarin da na fi ji da shi.

Saurayin mai burodi ne ya kwatanta mini wani masallaci a saman wani kanti kusa da tashar jirgin ƙasa. Bayan an idar da la'asar na zauna na rafka tagumi, ban san sanda na ce "Na shiga uku" a fili ba. Wani baƙin mutum mai furfura a gemu ya waigo.

"Kai! Wane ne ke jin Hausa a nan?"

Alhaji Mumuni ke nan, mutumin zangon Kumasi, ya fi shekara ashirin a ƙasar. Hausarsa ta zango ce, wadda ba ruwanta da namiji ko mace, amma ranar ta fi mini ta gidan rediyo daɗi. Ya ji labarina, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ba ni shinkafa. Matarsa tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu, kuma ta san wata tsohuwa da ɗakin samanta yake a rufe tun rasuwar mijinta. Kafin magariba ina tsaye a ƙofa ta biyu.

Sunanta Rit. Ta haura saba'in, amma a kan keke take zuwa kasuwa, ko ana ruwa ko ana iska. Ta ƙare mini kallo, ta tambaye ni ko ina shan taba, ko ina da mata, ko na iya wanke banɗaki, duk a numfashi ɗaya. Na ce, "Na iya, Mama."

"Sunana Rit."

"A wajenmu ba a kiran babba da sunansa gatsal."

"Ɗa ɗaya na haifa, kuma ya ishe ni," ta ce. Amma ta matsa ta ba ni hanya, kuma daga ranar Mama nake kiranta tana amsawa da tsaki.

Matattakalar gidan kamar tsanin hawa rumbu take, sai da na hau da akwati a ka. Da safe burodi da cuku, da rana burodi da cuku, da yamma dankalin da aka dame da ganye. Ƙarfe shida ake cin abinci, wanda ya makara ya samu tukunya a wanke. Rana kuma ba ta da alkawari, wani lokaci sai ta yi kwanaki ba ta leƙo ba. A gida kuwa kaka ce. Na san an fara girbin gero, na san yara suna gasa tumu a bakin gona. Wata rana ina tafe a gefen ruwa na ji ƙaurin wani abu da aka ƙona, ya yi mini kama da tumu, sai da na tsaya na jingina da gada. Na yi kewar gida sosai, har nakan kira ƙanena ba don komai ba sai don in ji kukan jakuna a bayan muryarsa.

Amma da safe in na shiga ɗakin zanukan, kewar takan lafa. Ɗaki ne mai ƙarancin haske, don hasken rana yana cinye tsohuwar tawada. Sai ka wanke hannu, ka ajiye biro a waje, fensiri kaɗai ake shiga da shi. Malaminmu, wani siririn dattijo mai suna Pita, shi ke ɗauko akwatunan kwali yana buɗe su a hankali kamar mai buɗe ƙwaryar ƙwai.

Na zata zan ga sarakuna da yaƙe-yaƙe. Takardar farko da ya ajiye a gabana ba ta fi tafin hannu biyu ba, kuma abin da ke ciki shi ne wata mata zaune a ƙofar bukka, ta danne kan ɗanta a cinya tana duba masa kwarkwata. Tawadar ruwan ƙasa ce, sak irin wadda Baba ke dafawa, sai dai su da gashin tsuntsu suka yi rubutu, mu da kara. Na yi dariya a fili har sauran ɗalibai suka waigo. Wallahi na san zaman nan. Na san yadda yaron ya lanƙwashe ƙafa yana neman hanyar gudu.

Haka muka yi ta buɗewa kullum. Ga mai suyar wainarsu a bakin hanya, yara sun kewaye ta, kare yana jiran abin da zai faɗo. Ga mai cire haƙori a ranar kasuwa ya hau kan benci yana cika baki, irin masu maganin da ke kafa lasifika a kasuwar Ɗambatta, kuma a bayan taron wani yana zare wa wani jaka. Ga malami da bulala da yara suna hamma. Ga ranar yankan alade, wadda na fara kawar da kai daga gare ta, sannan na dawo na duba: wannan yana riƙe ƙafa, waccan ta tara kwano, tsohuwa tana ba da umarni, maƙwabta suna leƙowa ta kan shinge. In ka cire dabbar ka sa rago, ranar layya ce a gidanmu. Abin da ban samu kwatankwacinsa ba shi ne kogin da ya daskare, gari guda ya hau kansa yana sulu, har da mai sayar da abin sha a tsakiyar ruwa.

Wani abu dai ya tsaya mini a rai. A wasu zanukan manoman duk hancinsu kamar dankali, baki buɗe, wannan ya bugu yana amai, wancan yana fitsari a jikin bango, ga biyu sun shaƙe juna a ƙofar mashaya.

"Malam Pita," na ce, "wa yake sayen waɗannan? Manoman?"

"Ina manomi ina sayen zane? Attajiran birni ne. Suna ajiye su a cikin manyan littattafai, su buɗe wa baƙi."

"To dariya suke yi musu ko sha'awa?"

Ya cire gilashinsa ya goge. "Mun daɗe muna wannan musu. Wasu dariya ce, a nuna wa yaran birni abin da ba a so su zama. Wasu kuma kewa ce, don kakan attajirin ma daga ƙauye ya fito. Kai me ka gani?"

Ni na san dariyar birni. Da na shiga kwaleji a Kano, sai da na shekara ana kirana ɗan ƙauye saboda yadda nake gaisuwa a durƙushe. Saboda haka na zauna ina bin zanukan nan da idon mai neman laifi. Na samu masu raini, ba na musu. Amma na koma kan matar nan mai duba kwarkwata, na dubi yadda aka zana babban yatsanta a bayan kunnen yaron, yadda ta sassauta shi don kada ta ji masa ciwo. Wanda ya raina mutum ba zai zauna ya kula da wannan ba. Na ce wa Pita wannan mai zanen uwarsa ta taɓa danne masa kai.

Matsalata ta fara ne da aka ce mu kwaikwayi zanukan. Na zana kasuwar mai cire haƙori tsaf, na ja wa kowa layinsa, har wani kare da ke cikin taron. Wata ɗaliba ta leƙo ta dafe ƙirji, ta ce ba ta taɓa ganin saƙo mai ƙarfi irin wannan ba, ta tambaye ni ko abin da ke faruwa a ƙasarmu nake nufi. Ban gane ba sai da Pita ya ja ni gefe.

"Sadisu, wa ya yanka mutanen nan?"

Na yi masa bayani. Ya saurara bai yi dariya ba.

"Ba zan ce ka saɓa wa mahaifinka ba," ya ce. "Amma ka san abin da mutanen nan ke ji a labarai game da arewacin ƙasarku. In ka rataya ƙauyenku da layi a wuyan kowa, ba wanda zai ga manoma. Gawarwaki za su gani."

Maganar ta yi mini zafi, don gaskiya ce. Na zo ne in nuna mutanenmu a raye, suna aiki suna tsokanar juna, kamar yadda waɗannan suka nuna nasu. A makon na kira gida. Baba ya ba ni labarin geron bana, ya ce dawa ma ta yi kyau, sannan kafin ya miƙa wa ƙanena wayar ya ce, "Kana dai riƙe da maganarmu?"

"Ina riƙe, Baba."

Dabarar da na yi ita ce in sirantar da layin, ya koma kamar silin gashi, ni na san yana nan, mai kallo ba zai lura ba. Kuma a kan Mama Rit na fara gwada dabarar, Allah ya yafe mini wautata.

Ranar zagayowar haihuwarta ce ta matso. Ba ni da abin saya mata, sai na ce bari in zana mata mijinta, Henk. A falo akwai hotunansa da yawa. A na baya-bayan nan kullum da ƙyalle ɗaure a wuyansa, sai na zaɓi wani tsoho, yana tsaye a cikin kwalekwale, riga a buɗe, yana dariya. Na yi kwanaki a kansa, kuma ban taɓa zana fuska ta fito kamar wannan ba. Da na gama na fere fensiri ya yi tsini, na ja layina siriri.

Bikin nasu ma abin kallo ne. An jera kujeru a da'ira, duk wanda ya shigo sai ya bi kowa da hannu yana taya shi murna, har ni da ban haifi kowa ba aka taya ni murna. Aka raba kofi da kek yanka ɗai-ɗai. Na miƙa mata zanen. Ta buɗe, ta ce, "Oh, Henk," fuskarta ta yi haske. Sai ɗanta, wani ƙaton mutum da ya zo daga wani gari, ya sunkuyo ta kafaɗarta. Na ga sanda idonsa ya sauka a wuyan.

"Wannan wane irin wasa ne?" ya ce.

Ya miƙe, ya gaya mini abin da ban sani ba. Ciwon daji ne ya kama mahaifinsa a maƙogwaro. Likitoci suka yanka shi daidai inda na ja layin, suka cire abin maganarsa, ya yi shekarun ƙarshe ba murya. Ƙyallen da nake gani a hotuna tabon yake rufewa. Ya ce uwarsa ta ɗauko baƙo daga titi, ga sakayyar da ta samu, kuma kafin ƙarshen mako in nemi wani wuri.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na buɗe baki, Turancin ya gudu. Mama Rit ta kifa zanen a kan kabad, ta tambayi wata baƙuwa ko za ta ƙara kofi.

Kwana biyu ba ta ce mini komai ba sai gaisuwa. Na haɗa kayana, na gaya wa Alhaji Mumuni ya taya ni cigiya, ga sanyi ya fara shiga ƙashi. Na ji tsoro ƙwarai, amma kunyar ta fi tsoron. A rana ta uku da safe na sauko na tarar da zanen a kan tebur, kusa da burodi.

"Zauna," ta ce. "Ba ka san ciwon Henk ba. To me ya sa?"

Na ba ta labari tun daga akuyar bangon rumbu. Na gaya mata waye Baba, da abin da yake ji mini tsoro, da alkawarin. Ta juya cokali a kofinta.

"A ƙauyen da na tashi," ta ce, "cocinmu farin bango ne fes, ko hoto ɗaya babu. Babana ya ce hoto a wurin ibada hanyar bautar gunki ce. Ranar Lahadi ko keke ba ma hawa. Babana da babanka da sun haɗu, da sun sha shayi tare, kowa yana tausayin ɗan'uwansa zai shiga wuta."

Na yi dariya ban shirya ba, ita ma ta yi. Sannan ta tashi ta buɗe aljihun kabad, ta ɗauko wani jan ƙyalle mai ɗigo-ɗigon fari, ya sha wanki har ya yi laushi. Ta shimfiɗa shi a gabana.

"Zana masa wannan."

"In goge layin?"

"Bar shi a ƙarƙashi," ta ce. "Shi ma a ƙarƙashi nasa yake."

A nan teburin na zana ƙyallen, tana tsaye a kaina tana gyara mini yadda yake ƙulla shi a gefen hagu. Da na gama ta ɗauki waya ta kira ɗanta, ta yi masa magana da yarensu. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na san muryar uwa in tana rufe magana. Na hau sama na kwance kayana.

Da na koma ɗakin zanukan sai na ga abin da na yi makonni ina kallo ban gani ba. Rabin mutanen da ke cikin takardun nan ba a ganin wuyansu. Ƙasar sanyi ce, kowa da ƙyalle ko hula ko kwalar riga a tashe. Da yawa ma sun ba da baya, sun duƙa a kan aiki, ba su san ana kallonsu ba. Na daɗe a kan wata mata da aka zana ta baya tana jan ruwa a rijiya. Ba fuska, amma daga yadda ta kafa ƙafa ka san ta gaji, ka san kuma ba za ta faɗa wa kowa ba. Sai na tuna Inna.

Mahaifiyata ta rasu shekaru da dama, kuma ba a taɓa ɗaukarta hoto ba. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne fuskarta ta fara ɓace mini. In na rufe ido sai in ga goshi, in rasa baki. Amma bayanta na san shi sarai, don shi na yi ta bi zuwa masussuka ina yaro.

Masussukar na zana, wato filin bayan gari inda ake sussukar gero da kaka. Na sa maza suna shigowa da dammuna a ka, mata sun kewaye turame, jaki yana satar zangarniya, 'yan mata suna dariyar wani da daminsa ya kwance. Kowa na ja masa layinsa tukuna, da kyau ba siriri ba, sannan na rufe. Wannan malafa ta sauko masa, wancan dami ya danne masa wuya, matan kuwa dama sukan sauko da ɗankwali har ƙeya saboda ƙaiƙayi. Jakin igiyarsa ta rufe masa. Ban san ko malamai za su karɓi wannan dabara ba, ni dai na san layin yana nan.

A tsakiya na tsayar da Inna tana sheƙa. Ta ba da baya, ta ɗaga ƙwarya sama da kanta, ta karkata kan ƙugun hagu yadda takan yi, tsaba tana zuba, iska tana kwashe ƙaiƙayi. Sai ga ta ta fito a takardar. Na kai fensiri wuyanta. Na ɗauke. Na tashi na zagaya ɗaki na dawo, na sake kaiwa. Hannun da ya yi shekara da shekaru yana jan layin nan ba tare da shawara da ni ba, ranar ya ƙi. Na zana mata ɗankwalinta a kan wuya lafiyayye, na ajiye fensirin.

An rataya zanen. Mutane suka yi ta tambaya mene ne wannan hatsi, me ya sa ake zuba shi daga sama, kuma ba wanda ya ga gawa. Pita ya tsaya a gabansa ya daɗe, ya ce jaki ɓarawo ne a kowace ƙasa. Alhaji Mumuni ya ce na sa shi jin yunwar fura. Mama Rit ta nuna matar tsakiya da ɗan yatsa, ta ce, "Wannan ka san ta." Amma ni duk yabon bai shiga jikina ba. Tun daga ranar, in Baba ya kira, sai in yi ta jan zancen dawa da farashin taki don kada ya kai ga tambayarsa.

Na dawo gida an gama kai amfani rumbu. Kwana biyu ana ta zuwa yi mini barka, zanen yana naɗe a cikin akwati. A rana ta uku, bayan la'asar, da ɗalibansa suka tashi, na samu Baba shi kaɗai a zaure. Na durƙusa na warware takardar a kan buzunsa, na danne gefunan da allo da kurtun tawada.

Ya sa gilashinsa. Da farko fuskarsa a ɗaure take. Can sai ya nuna wani mai dami.

"Wannan Ɗanlami ne. Shi ke ɗaukar kaya a karkace kamar mai rigima da iska."

"Shi ne, Baba."

"Wannan kuma jakin Hudu ne, ɓarawon banza." Har ya fara murmushi, sai ya tuna. Ya ɗago. "Ina layin?"

"Yana ƙarƙashin malafa da ɗankwali. Na ja tukuna, sannan na rufe."

Ya ce, "Hmm." Bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Yatsansa ya ci gaba da tafiya a kan takardar, daga turmi zuwa turmi, har ya iso tsakiya. A nan ya tsaya.

Tun da nake ban taɓa jin Baba ya ambaci sunan Inna ba. Uwar yaran nan yake cewa, tana raye da bayan ranta. Ranar na ji ya ce, a hankali, kamar mai tsoron kada ta waigo, "Hajara."

Akuya tana kuka a cikin gida.

"Baba," na ce, "kowa na ja masa, ban da ita. Na kai hannu ya ƙi. Na saɓa maganarmu, kuma ban so ka ji a bakin kowa ba." Na zaro fensirin daga aljihu na miƙa masa da hannu biyu. "Ga shi. In ka ce in ja, yanzu zan ja. In kuma kai za ka ja, ga wurin."

Ya karɓa. Ya riƙe shi yadda yake riƙe alƙalamin kara, ya sunkuya, ya kai tsininsa daidai gefen ɗankwalin. Ina kallon hannunsa. Ya daɗe a haka, har ladan ya fara gyaran murya a masallaci.

Sai ya ɗago. Ya ce, "Astagfirullah. Allah ya yafe mana, ni da kai." Ya naɗe takardar da kansa, ya buɗe adakar da yake ajiye littattafansa, ya sa ta a can ƙasa.

"Ba za a rataya ta a bango ba," ya ce.

"To, Baba."

"Tashi mu je salla."

Ya zura fensirin a aljihun rigarsa, ya riga ni fita. Har yau bai mayar mini da shi ba, ni kuma ban tambaya ba.